Yadda za ka ji ainihin abin da ke ran ma'aikatanka ta hanyar takardar tambayoyi

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata a Kano ko Kaduna ko Zariya, makarantar kuɗi ce ko asibiti ko 'yar masana'antar leda a Sharaɗa ko Bompai, ya san wannan abin. Ka tara jama'a a mitin ka ce to akwai mai matsala? Shiru. Ka sake tambaya, sai wani dattijo daga can baya ya ce "ranka ya daɗe ba komai, sai godiya", kowa ya gyaɗa kai a watse. Bayan sati biyu malamin lissafin da kake ji da shi ya karɓi albashinsa ka daina ganinsa, sai a bakin ɗalibai za ka ji wai ya koma makarantar bayan layi.

Ba wai mutanen nan munafukai ba ne. An tarbiyyantar da mu a kan kara, ba ka kallon idon wanda yake biyanka ka ce masa tsarinsa bai yi ba, ga kuma tsoro, don kowa ya san yadda aiki yake wahalar samu yanzu, babu mai son bakinsa ya raba shi da hanyar abincinsa. Shi ya sa ake yin takardar tambayoyi wadda ba a rubuta suna, kowa ya cike shi kaɗai, a tattara a lissafa. Amma fa ita ma takardar in ba a iya ta ba, abin da za ka samu shi ne irin wancan "sai godiya" ɗin, kawai dai wannan karon a rubuce. Ga yadda ake yi daki-daki, kuma zan riƙa kawo misali da wuri mai ma'aikata kamar 40 zuwa 60 don irinsu suka fi yawa a wajenmu.

Mataki na farko, tun kafin ka ɗau biro

Ka zauna da mai wurin, Alhaji ne ko Hajiya ko kwamitin amintattu, ku yi magana ta gaskiya a kan abu ɗaya: me za mu iya canzawa in an faɗa mana? Wannan zaman ya fi duk sauran aikin muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa. In Alhaji ya ce shi fa bana ko sisi ba zai iya ƙarawa a albashi ba, to shi ke nan, ba a ce kar a tambayi maganar albashi ba, amma ku shirya amsar da za ku ba mutane tun yanzu. In kuma ya ce shi dai yana so ya san su waye ke zuga mutane ne, to ka rufe littafinka ka ba shi haƙuri, wannan farauta ce yake so ka taya shi, kuma ranar da ma'aikata suka gane an yi amfani da takardar an kori wani, ka gama samun gaskiya a wurin nan har abada.

Ku rubuta dalilin binciken a layi biyu kacal. Misali "malamai suna yawan tafiya a zango na biyu, muna so mu san dalili", ko "masu dutin dare suna yawan fashi". Wannan dalilin shi zai hana ka tara tambayoyi 80 waɗanda ba ka san me za ka yi da amsarsu ba.

Sai wa zai riƙe aikin. Kar ya zama manaja, kar ya zama ɗan Alhaji ko ƙaninsa, kar ya zama akanta mai biyan albashi. In da hali a samo mutum daga waje, ko malamin jami'a ko kwaleji da aka sani, ko ɗalibin digiri na biyu mai hankali, a biya shi ɗan abin da ya sawwaƙa. In babu hali a kafa kwamitin mutum uku daga cikin ma'aikata, su ma'aikatan su zaɓa da kansu, a tabbata akwai mace a ciki kuma akwai ƙaramin ma'aikaci. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago a sanar da shugabanninta tun farko, in ba haka ba za su ɗauka wata dabara ce ta zagaye su.

Mataki na biyu, rubuta tambayoyin

Nan ne aikin yake, nan zan daɗe.

Tambayar da ba ta da amfani ita ce "shin kana jin daɗin aikinka?" Bahaushe ko wata uku yake bin albashi zai ce alhamdulillah, kuma ba ƙarya ya yi ba, godiyar Allah yake yi, kai kuma ka rubuta a rahoto cewa kashi 95 sun gamsu. Dole ka farfasa gamsuwar nan gida-gida ka tambayi abin da mutum ya gani da idonsa. Masana sun daɗe da yin wannan aikin, ba sai ka ƙirƙiro daga sama ba. Akwai ma'aunin gamsuwa da aiki da jami'ar Minnesota ta Amurka ta fitar a 1967, dogon yana da tambayoyi 100, gajeren 20. Akwai na Paul Spector na 1985 mai tambayoyi 36, wanda ya raba abin gida tara: albashi, ƙarin girma, mu'amalar shugaba, alawus da sauran haƙƙoƙi, yabawa in an yi abin kirki, ƙa'idojin aiki, abokan aiki, shi kansa aikin, da yadda labari ke isa ga mutane. Kamfanin Gallup mai binciken ra'ayin jama'a ma yana da nasa tambayoyin guda 12 da manyan kamfanoni ke amfani da su, amma su nasu mallakarsu ne, ba a kwafa haka kawai a raba. Ni shawarata ka ɗauki gidaje taran nan na Spector a matsayin taswira, ka rubuta naka tambayoyin da yaren wurinka, biyu ko uku a kowane gida.

Kuma maimakon tambaya, ka rubuta zance ne mutum ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Wannan tsarin wani Ba'amurke Rensis Likert ya kawo shi a 1932 kuma har yau shi ake yi. Zaɓi biyar: na yarda sosai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Ga irin zantukan da nake nufi:

Albashina yana shigowa a ranar da aka ce zai shigo.
In na yi obataim ana biyana.
Na san abin da ake cirewa a albashina da dalilin cirewa.
Ina da kayan aikin da nake buƙata, ba sai na saya da kuɗina ba.
In na yi kuskure shugabana yana kirana gefe ya yi min magana.
A watan da ya wuce wani na sama da ni ya yaba min a kan wani aiki.
In an canza wani tsari, daga ofis nake fara ji.
In ina da rasuwa ko rashin lafiya a gida, neman izini ba ya min wahala.
Na san abin da ake dubawa kafin a ƙara wa mutum girma a nan.

Ka lura kowanne abu ne da mutum zai iya tunawa, ya faru ko bai faru ba. Babu inda aka ce ya zagi kowa ko ya yi wa Allah butulci, don haka zai iya cewa "ban yarda ba" hankalinsa kwance.

In kamfaninku yana cikin tsarin fansho na dokar 2014, wanda ake cire kashi 8 a albashin ma'aikaci shi kuma mai kamfani ya zuba kashi 10, to ka sa zance ɗaya a kai, kamar "ina ganin alat na kuɗin fanshona yana shiga". Wurare da yawa ana cirewa amma ba a turawa, ma'aikata sun sani sarai, kuma abin yana cin ransu fiye da yadda oga yake zato.

Abubuwan da za ka kiyaye wajen rubutu: kar ka haɗa abu biyu a zance ɗaya. "Shugabana yana da adalci da iya aiki", to in yana da iya aiki amma ba shi da adalci fa, me mutum zai zaɓa? Raba su. Kar ka sa amsa a bakin mutum, irin "kamar yadda kowa ya sani hukumar makaranta tana ƙoƙari…", wannan roƙon yabo ne. Kar ka yi amfani da kullum ko ko da yaushe, don babu abin da ake yi kullum. Sannan akwai wata ɗabi'a da ake samu ko'ina a duniya, mutum ya bi layi yana ta "na yarda, na yarda" bai ma karanta ba, a wajenmu kuma da ladabi ya yi yawa abin ya fi ƙarfi. Maganinsa a juya zance biyu ko uku, misali "aikin da ake ɗora min ya fi ƙarfin mutum ɗaya", inda yarda take nufin matsala. Amma kar ka juya da korewa, irin "ba na jin ba a kula da ni", ko mai digiri sai ya karanta sau uku. Biyu ko uku sun isa, kuma ka yi musu alama a takardarka don lokacin lissafi.

Akwai wani bincike da Frederick Herzberg ya yi a yankin Pittsburgh na Amurka ya fitar a 1959, ya yi hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200, ya fito da cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban suke da abubuwan da ke sa ya ƙaunaci aikinsa. Albashi da yanayin wurin aiki da tsarin kamfani in sun lalace suna kawo ɓacin rai, amma gyara su kawai ba ya sa mutum ya zage damtse, abin da ke sa hakan shi ne a yaba masa, a ba shi amana, ya ga yana ci gaba. Amfanin wannan a gare ka shi ne takardarka ta taɓo ɓangarorin biyu. Sai dai na ga wasu masu kamfani suna fakewa da shi su ce ai masana sun ce ba kuɗi ne matsala ba. Malam, mutanen da Herzberg ya tambaya ba sa lissafin kuɗin adaidaita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024 amma makarantun kuɗi nawa ne suke biyan hakan? Don haka ka sa zance a kan kuɗin zuwa aiki da komawa, kar ka ji kunya.

Mataki na uku, ɓangaren buri

Gamsuwa tana gaya maka yau ne, buri kuma shi ke gaya maka wa zai kasance tare da kai baɗi. Mutum zai iya jin daɗin wurin sosai amma yana shirin tafiya don bai ga gaba ba. Wannan ɓangaren bai kamata ya wuce tambayoyi biyar ko shida ba, kuma a nan zaɓi ake bayarwa.

Nan da shekara biyu ina kake ganin kanka? A nan a matsayina na yanzu, a nan amma a matsayi na gaba, wani kamfanin, aikin gwamnati, kasuwancin kaina, komawa karatu, fita waje, ban sani ba. Ka sa aikin gwamnati daban domin a Arewa mutane da yawa suna aikin kamfani ne a matsayin jiran ofa, kuma in rabin malamanka jira suke yi gara ka sani. A asibiti kuma zaɓin fita waje ba wasa ba ne, kowa ya ga yadda nas-nas da likitoci ke tafiya Saudiyya da Ingila.

Sannan: a wata shida da suka wuce ka nemi aiki a wani wuri? Eh ko a'a. Wannan ta fi "kana da niyyar tafiya" don niyya kowa yana iya musantawa. Sai kuma: cikin waɗannan zaɓi guda biyu da za su fi sa ka zauna, a jero ƙarin albashi, biya a kan lokaci, kwas ko horo, izinin ƙaro karatu, takardar ɗauka ta dindindin, motar ma'aikata, rancen gida ko na babur, rangwamen kuɗin makarantar yara, sauƙin lokacin tashi. Dole ka ce biyu kawai, in ka bari a buɗe kowa zai zaɓi duka kuma ba ka koyi komai ba. Wani lokaci abin da zai fito zai ba ka mamaki, ka ga matan aure sun fi damuwa da a bar su su tashi ƙarfe 2 su ɗauko yara a kan ƙarin dubu biyar.

Akwai kuma tambaya ɗaya da kamfanoni ke so saboda sauƙinta: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka ba ɗan'uwanka ko abokinka shawarar ya zo ya yi aiki a nan? An aro ta ne daga ma'aunin da Fred Reichheld ya fitar a 2003 don kwastomomi. Ka sa ta, amma da taka-tsantsan, don a halin rashin aikin yi mutum zai kawo ƙaninsa ko wurin bai yi masa ba.

A ƙarshe buɗaɗɗun tambayoyi biyu, ba fi ba: wane abu ɗaya ne in an gyara zai fi sauƙaƙa maka aiki? Wane abu ɗaya ne kake so kar a taɓa shi? Duka takardar kar ta wuce tambayoyi 25 zuwa 30, abin da za a gama a minti goma zuwa sha biyar.

Mataki na huɗu, yare da gwaji

Ka yi ta da Hausa da Turanci. A masana'antar Kano za ka samu 'yan Binuwai da Filato da mutanen Sabon Gari waɗanda Hausar baki suke ji ba ta karatu ba, ga kuma namu da Turancin takarda yake ba su wahala amma ba za su faɗa ba. In ka fassara, ba wa wani daban wanda bai ga ta asalin ba ya mayar da ita, sai ka kwatanta, duk inda ma'ana ta kauce ka gyara. Daga nan ka gwada da mutum huɗu ko biyar, har da maigadi ko mai shara, ka zauna kusa kana kallo, duk inda mutum ya tsaya ya ɗaga kai ya ce "wannan me ake nufi" to tambayar ce ba ta yi ba.

Mataki na biyar, sirri

Cewa "ba a rubuta suna" bai isa ba. Ma'aikata ba yara ba ne, suna kallon saman takardar su ga an tambayi sashe, jinsi, shekaru, shekarar fara aiki, matakin karatu, sai Malama ta lissafa ta ga ita kaɗai ce mace mai digiri a sashen kimiyya, to me ya rage? Ka tambayi abu biyu kawai, uku in ya yi yawa, kuma a faɗaɗe: sashe babba, da daɗewa a aiki kamar ƙasa da shekara 2, 2 zuwa 5, sama da 5. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce duk rukunin da bai kai mutum biyar ba, ba a fitar da sakamakonsa shi kaɗai, a haɗa shi da wani. Direbobi biyu da masu gadi uku da masinja, ka haɗa su rukuni ɗaya.

Kar ka tambayi addini ko ƙabila ko rashin lafiya ko jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadagon da mutum yake ciki. Ban da fitinar da hakan zai iya tayarwa, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa waɗannan cikin bayanai masu tsauraran sharuɗɗa, akwai hukuma ta musamman da ke kula da ita, ba ka buƙatar jawo wa kanka wannan. A saman takardar ka rubuta layi huɗu: wa ke yin binciken, don me, wa zai ga takardun, kuma cikewa ba dole ba ce.

Sai kuma maganar da me za a cike takardar. Google Forms kyauta ne kuma yana tara amsa kai tsaye a Google Sheets, amma ka shiga saiti ka tabbata ka kashe karɓar imel. Kuma ka sani yana rubuta ranar da lokacin da kowace amsa ta shigo har daƙiƙa, in manaja ya ga Malam wane yana danne-danne a ofishin malamai ƙarfe 10:15 kuma ya samu fayil ɗin, ya gama gane shi, don haka mai riƙe aikin ya goge ginshiƙin lokacin kafin kowa ya gani. In kun yi amfani da Microsoft Forms na kamfani ku duba maɓallin da ke rubuta sunan mai amsa, a kashe shi. KoboToolbox, wata manhajar tattara amsoshi a waya, yana aiki ko babu sabis, ya dace da gona ko wurin gini a ƙauye. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ƙuri'ar WhatsApp a guruf ɗin ma'aikata, don tana nuna wa kowa wanda ya zaɓi me, har da oga da yake admin.

Gaskiya a wuri mai mutum 50 ni na fi son takarda. A yi fotokwafi, a sayo biro iri ɗaya kala ɗaya a raba, kowa da ambulan ɗinsa, a ajiye kwali da aka naɗe da salatif aka huda sama a wurin da babu kyamara kuma ba ƙofar manaja ba. A ba mutane ɗaki da rabin awa cikin lokacin aiki, shugabanni su fita. Matsalar takarda ɗaya ce, rubutun hannu, hedimasta ya san rubutun kowane malami, saboda haka ɓangaren buɗaɗɗun tambayoyi mai riƙe aikin ne zai kwafe a kwamfuta, ainihin takardun kuma ba za su shiga ofis ba.

Waɗanda ba sa karatu kar a bar su a baya, sau da yawa su suka fi kowa sanin abin da ke faruwa. A tara su, mutumin waje ya riƙa karanta zance ɗaya-ɗaya da ƙarfi, kowa da takardarsa yana yin alama, a sa zanen fuska biyar daga mai murmushi zuwa mai ɓacin rai a maimakon rubutu, a zaunar da su nesa da juna. Mata a samo musu mace. Foman ɗinsu kar ya zama shi ne mai karantawa, ko da shi ya fi kowa murya.

Mataki na shida, lokaci

Kar a yi a satin da albashi ya makara, kar a yi washegarin biya, duka biyun za su karkatar da amsa. Tsakiyar wata ya fi. A kauce wa goman ƙarshe na azumi da satin Sallah da na Kirsimeti, a makaranta a kauce wa lokacin makin jarrabawa da cike sakamako, kar kuma a yi bayan an kori wani da kwana biyu. Mai wurin da kansa ya sanar sati ɗaya kafin nan, da bakinsa, ya faɗi ranar da za a dawo da sakamako. In ta waya ce a bar fom ɗin a buɗe kwana bakwai zuwa goma, a tuna wa mutane sau biyu, a ɗan saka musu data. Amma ban da bin mutum ana "kai ka cike?", kuma kar a yi rajistar waɗanda suka cike.

Mataki na bakwai, lissafi

Ba ya buƙatar komai sama da Excel. Fara da nawa suka amsa. A ce ma'aikata 48 ne, takardu 36 suka dawo, kashi 75 ke nan, ya yi kyau. In ƙasa da rabi suka dawo, wannan kansa sakamako ne, mutane ba su yarda da abin ba, kuma kar ka gina babban hukunci a kai.

Kowace takarda layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya. Na yarda sosai 5, har zuwa ban yarda ba sam 1. Zantukan nan da ka juya sai ka cire makinsu daga 6, wato 5 ta koma 1, 4 ta koma 2, in ka manta wannan lissafinka duka ya rikice. Yanzu a ce a zancen ƙarin girma mutum 4 sun yarda sosai, 8 sun yarda, 6 tsaka-tsaki, 11 ba su yarda ba, 7 ba su yarda ba sam. In ka tara maki 99 ne, ka raba da 36 ya ba ka 2.75. Amma in ka je wa Alhaji da 2.75 zai ce to sai me? Ka ce masa mutum 12 cikin 36 ne kawai suka san yadda ake ƙarin girma a nan, 18 sun ce ba su sani ba, rabin mutanenka ke nan. Wannan zai ji. Kuma matsakaicin maki yana ɓoye abu, in rabi sun ba da 5 rabi sun ba da 1 zai fito 3, daidai da in kowa ya ce tsaka-tsaki, alhali na farkon yana nufin gidan ya rabu biyu, wataƙila akwai 'yan gaban goshi da 'yan bora.

Tambayar 0 zuwa 10 kuma, masu 9 da 10 su ne masu yabo, 7 da 8 ba a lissafa su, 0 zuwa 6 masu kushe. Ka cire kason masu kushe daga na masu yabo. In masu yabo 9 ne, kashi 25, masu kushe 15, kusan kashi 42, sakamakon ya zama 17 ƙasa da sifili. Lambar ita kaɗai ba ta da wata ma'ana sai ka kwatanta ta da ta baɗi.

Inda daɗin yake shi ne haɗa tambayoyi. Ware takardun waɗanda suka ce sun nemi aiki a wani wuri, ka duba a ina makinsu ya fi na sauran faɗuwa. Kowa zai koka da albashi, mai tafiya da mai zama, don haka albashi ba lalle shi ne ke bambanta su ba, amma in ka ga masu shirin tafiya kusan duk sun ce ana yi musu faɗa a gaban ɗalibai ko kwastoma, to ka kama bakin zaren. Haka ka kwatanta sababbi da tsofaffi, da sashe da sashe, kana kiyaye ƙa'idar mutum biyar. Da mutum 36 kar ka ɗauki bambancin mutum ɗaya ko biyu da zafi.

Rubutattun amsoshi ka karanta duka sau biyu, ka kasa su tuli-tuli, ka ƙirga kowane tuli. In an ambaci sunan wani, cire sunan daga rahoto. In kuma zargi ne mai nauyi, cin zarafin mata ko sata ko duka, wannan ba na rahoton gama-gari ba ne, a kai wa mai wurin a keɓe a bi ta hanyar bincike daban. Wajen kawo maganar wani a rahoto ka sake mata kalmomi, don akwai mutanen da salon maganarsu kaɗai ya isa a gane su.

Mataki na takwas, komawa wajen mutane

Cikin sati uku zuwa huɗu a tara kowa. Mai wurin zai fara gani shi kaɗai, a ba shi kwana biyu ya huce, don akwai abin da zai karanta ya ce "ni za a yi wa haka bayan duk abin da nake yi musu", kuma a nan ne zai fara tambayar wa ya rubuta wannan. Amsarka ɗaya ce, ranka ya daɗe ban sani ba, kuma haka muka yi alkawari.

A taron a faɗi uku da suka fi kyau da uku da suka fi muni, da lambobinsu, ba kwaskwarima. Sai a zaɓi abu biyu ko uku da za a gyara, kowanne da sunan wanda zai yi da ranar gamawa, a manna a allon sanarwa. A sa aƙalla ɗaya wanda za a gani cikin wata guda, gyaran banɗakin mata ne, ko fara ba da takardar albashi mai nuna abin da aka cire, ko fanka a ofishin malamai. Abin da ba zai yiwu ba a faɗa ƙarara da dalili, "albashi ba zai ƙaru ba sai sabuwar shekarar karatu saboda iyaye da yawa ba su biya ba", mutane suna iya haƙuri da a'a in an gaya musu, shirun ne ba sa yafewa. Ɓangaren buri kuma a buɗe ƙofa, duk mai son a zauna da shi a kan karatu ko kwas ko matsayi na gaba ya zo da kansa, tunda takardar ba ta nuna waye ba.

Bayan wata uku ko huɗu a yi 'yar gajeriya mai tambaya biyar a kan abubuwan da aka yi alkawari kawai. Babbar kuma shekara-shekara, a wata ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, in ka canza kalmomi ba za ka iya kwatantawa ba, sai dai ka ƙara biyu ko uku sababbi a ƙasa. Ka riƙa ajiye lissafin mutum nawa suka bar aiki a shekara da kuma fashi, ka ɗora su gefen sakamakon. Takardun asali kuma da zarar an gama shigar da su an sake dubawa, a ƙona su a gaban 'yan kwamiti, fayil ɗin Excel a sa masa lambar sirri ya zauna a hannun mutum ɗaya.